Wa Za Mu Gaskata: Takarda Ko Mai Daddawa?

Da na je hutu gida Gumel, gwaggona ta aike ni cefane, sai na sayo mata dunƙulen ɗanɗano na kanti a maimakon daddawa. Da ta nemi dalili, na ce ai wannan yana da lambar NAFDAC. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, lambar ake kaɗawa a miya?" Tun daga ranar nake ta juya maganar nan a raina.

Ba wai rubutun jikin kaya aikin banza ba ne. A 1993 aka kafa hukumar NAFDAC don sa ido kan abinci da magunguna, kuma gishirin da aka sa wa aidin ya rage maƙoƙo ƙwarai. Alamar ido a buhun sukari ko fulawa shaida ce ta bitamin A. Haka kuma ba dukan abin da ya fito daga gonarmu ne lafiyayye ba, domin a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari. Da can mai saye ya san mai sayarwa har kakanninsa, amana ita ce shaida. To amma da kasuwa ta faɗaɗa, ina amana za ta kai?

Inda gizo ke saƙa shi ne, mu 'yan boko ba karanta rubutun muke yi ba, girmama shi kawai muke yi. Da na karanta kwalin nan, ashe gishiri ne abu na farko a jerin. Ita kuwa daddawa, ko ta kalwa ko ta batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa, abinci ce mai gina jiki, kuma saboda kalwa manomi ke ƙyale ɗorawa a gonarsa, a ƙasar da hamada ke matsowa. A Turai irin wannan ne ake manna wa tambarin kare muhalli a tsauwala kuɗi. Riɗi da zoɓon da ake nomawa a Gagarawa da Sule Tankarkar sukan bar kasuwar Maigatari ta ran Alhamis a buhu ba suna, sai sun ƙetare teku a ba su takarda da daraja. Shin takardar ce ta ƙara musu kyau?

A ganina, tambari shaida ne, ba alƙali ba. Zalunci ne a raina abincin da ba shi da takarda, alhali mai yinsa ba ta da kuɗin rajista. Wauta ce kuma a ƙi awo don son gargajiya. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, nauyin yana wuyanmu: mu karanta kafin mu saya, masu ilmin kimiyyar cikinmu kuma su auna daddawa da kuka, su rubuta sakamakon da Hausa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.