Ko Waƙa da Aikin Hannu Ɓata Lokaci ne a Makaranta?

'Yan'uwa, akwai wata magana da mu kan ji a bakin iyaye. Idan yaro ya komo daga makaranta da laka a hannu, ko da 'yar tabarma da ya saƙa, sai uban ya ce, "Karatu na aike ka, ba wasa ba." Bari mu auna wannan magana, gama ta shafi 'ya'yanmu duka.

Uban yana da hujja. Da gumi ya sami kuɗin littafi da na riga, yana kuwa so ɗansa ya ci jarrabawa. Amma yaro ba kai kaɗai ba ne. Yana da hannu, da murya, da zuciya, dukansu kuwa suna bukatar horo.

Mu dubi ƙasarmu. Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura, wanda ya rasu a 1991, a gaban ubansa ya koyi kiɗa tun yana yaro. Sa'idu Faru daga ƙasar Maradun ya fito, ya yi wa Sarkin Kudu Macciɗo waƙa sa'ad da ya ke Talata Mafara. Yau ana nazarin waƙoƙinsu a jami'a. Abin da manyan malamai su ke nazari, yaya za mu ce bai isa ya shiga ajin yara ba? Hakanan kuma saƙa, da dukanci, da ginin tukwane. Masu yinsu suna tsufa. Idan makaranta ta koya wa yaro ya raina sana'ar gidansu, lalle ta cuce shi, ko da ya iya Turanci.

Akwai wani dalili kuma mai nauyi. Ran 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a ƙasar Talata Mafara. A watan Satumba na shekaran nan suka kwashe yara fiye da 70 a Kaya, ƙasar Maradun. An sako su, amma tsoro ba ya barin zuciya ran da a ka buɗe ƙofar aji. Sau da yawa yaron da ya kasa faɗin abin da ke damunsa ya kan zana shi a takarda, wanda ya yi shiru kuwa ya kan buɗe baki cikin waƙa tare da 'yan ajinsu.

Me za mu yi fa? Kada mu jira gwamnati. Laka tana bakin gulbi, kaba tana kasuwa. Iyaye su roƙi babban malami yamma guda a mako, a gayyato baduku, ko masaƙi, ko tsohuwa mai ginin tukwane, a haɗa musu ɗan goro. Ɗan Kirista da ɗan Musulmi su zauna a tabarma ɗaya su koya.

Kai uba, ran da ɗanka ya kawo tukunyarsa ta fari, ko da karkatacciya ce, ka karɓa da hannu biyu, ka tambaye shi yadda ya gina ta.