Nasihar Juma'a: In Za Ku Tafi, Kada Ku Bar Na Baya

Godiya ta tabbata ga Allah da ya shimfiɗa ƙasa ya kafa mata duwatsu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

A makon nan wasu dattawa biyu daga cikin 'yan kasuwarmu na nan Sabo suka same ni bayan Azahar, rai a ɓace. 'Ya'yansu da abokansu, samari bakwai, sun haɗa kuɗi za su tafi Jihar Taraba su hau dutsen Chappal Waddi. Mota za ta kai su Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, sauran tafiyar kuma ƙafa ce, kwana da kwanaki a daji, kowa da kayansa a baya. Dutsen yana kan iyakarmu da Kamaru, tsayinsa mita 2,419, babu wanda ya kai shi tsawo a Najeriya. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce mini, "Malam, ka hana su. Mutum da shagonsa, ya tafi wahalar da babu riba?" Na ce masa ba zan haramta abin da Allah bai haramta ba, amma zan faɗi sharuɗɗa a gaban jama'a, iyaye su ji, samarin ma su ji.

Iyaye, mu fara da kanmu. Wa ya kawo mu Ibadan? Kakanninmu da ƙafa suka koro shanu zuwa Kudu, tun kafin a keɓe unguwar Sabo a 1916. Fatake sun yi ta tafiya daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gonja don sayo goro, watanni suna hanya. Alhazan da suka keta Chadi da Sudan a ƙasa, wasunsu sai bayan shekaru suka ga gida. Tafiyar ƙafa ba baƙuwa ba ce a gidanmu. Sai dai mutanen nan ba su taɓa fita kara zube ba. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya, yana da malami, kuma an san zangon da za a kwana. Wannan tsarin nake so samarinmu su gada.

Na farko, niyya. Allah ya yi umarni a wurare da dama cikin Alƙur'ani da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba halittarsa. Wanda ya tsaya a kan dutse ya ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa, in zuciyarsa a raye take, zai san shi ba kowa ba ne. To amma wanda ya tafi don hoton da zai saka a Facebook kawai, hoton ne rabonsa. Kuma niyyar nan tana taɓa salla. A mazhabarmu ta Malikiyya ana yin kasaru a tafiyar da ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, kuma Shaihu Halil a Muhtasar ya fitar da mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wasa zalla daga cikin waɗanda aka sunnanta wa kasarun. Ku gyara niyya tun daga gida: lura da ikon Allah, ƙarfafa jiki, da zumunci.

Na biyu, haƙƙin waɗanda za ku bari. Tafiyar nan ba farilla ba ce, biyayyar iyaye kuwa farilla ce. Wanda mahaifiyarsa ta ce a'a, ya lallashe ta, in ta ƙi ya haƙura, dutsen ba inda za shi. Wanda ke riƙe da kuɗin adashe, ko kayan maigidansa, ko bashin wani, ya rubuta ya bar wa amintacce. Kada a ci jari da sunan guzuri. Ku bar wa gida sunan wuraren da za ku bi da ranar da ake sa ran ku dawo, domin akwai inda waya ba za ta shiga ba.

Na uku, shugaba da ɗan jagora. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mutum uku in sun fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Ku bakwai ne. Kada ku zaɓi wanda ya fi kuɗi ko wanda ya fi baki. Ku zaɓi wanda zai iya cewa "mu koma" alhali ga ƙoƙuwar dutsen ana hango ta, kuma ku yi masa alkawari tun yanzu cewa in ya faɗa za ku bi. Ɗan jagora kuma dole ne. Ku dubi Hijira a shekara ta 622. Annabi, wanda wahayi ke sauko masa, ya ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ haya don ya nuna musu hanya, alhali mutumin bai musulunta ba a lokacin. Shi da Sayyidina Abubakar suka kwana uku a kogon Sauru, Nana Asma'u ta shirya guzuri, Amiru ɗan Fuhaira yana biyo sawu da tumaki. Tawakkali ke nan. Saboda haka ku bi ta hannun ma'aikatan gandun, ku ɗauki wanda suka ba ku, ku tambaye su lafiyar hanya kafin ku biya kuɗin mota. In suka ce ba yanzu ba, to ba yanzu ba. Ku tafi da rani, don da damina rafukan wurin cika suke yi.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta wannan nasiha. Duk abin da na faɗa a sama mai sauƙi ne. Jarrabawar tana zuwa ne a rana ta uku, lokacin da ƙafa ta yi bororo, ruwa ya ragu, raha ta ƙare, sai ga ɗaya daga cikinku yana ja da baya. A nan Shaiɗan yake zuwa da magana mai kama da hankali: mu yi gaba, zai same mu. Wallahi a nan ake rasa mutum. Jabir ya ba da labari cewa Manzon Allah yakan zauna a bayan ayari, yana kora mai rauni, yana goya shi a kan abin hawansa, yana yi masa addu'a. Shugaban halitta ne a baya, ba a gaba ba. Don haka saurin ayarinku shi ne saurin wanda ya fi kowa gajiya. Mai ƙarfi ya karɓi jakarsa, kuma kada a yi masa gori, ko da wasa. Sannu ba ta hana zuwa. In ya kasa gaba ɗaya, ba a barinsa shi kaɗai, ba a kuma tura shi baya shi kaɗai. Ku bakwai kuka fita, ku bakwai ake jira.

Haka abinci. Annabi ya yabi Ash'arawa, mutanen Abu Musa, saboda in guzurinsu ya yi ƙasa sai su tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai da mudu guda, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Wanda ya ɓoye kilishi ko dabino a ƙasan jaka yana ci da dare a asirce, cikinsa zai cika, amma ya zubar da abin da ya fi kilishin tsada. An ruwaito cewa wani ya yabi wani mutum a gaban Sayyidina Umar, sai Umar ya tambaye shi ko ya taɓa yin tafiya da shi. Da ya ce a'a, Umar ya nuna masa cewa bai san shi ba tukuna. Ku 'yan kasuwa ne 'ya'yan 'yan kasuwa. Abin da za ku gani a halin juna cikin makon nan, shi zai gaya muku wanda za ku haɗa jari da shi gobe.

Salla kuwa ba ta faɗuwa don an hau dutse. Mai raka'a huɗu ta koma biyu, Magariba da Asuba suna nan yadda suke. In kun yi niyyar zama kwana huɗu cikakku a wuri guda, sai ku cika. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi. In ruwan da ke hannunku na sha ne kawai, ku yi taimama da ƙasa ko dutse, ku bar ruwan don rai. Ku yi kiran salla ko da ba mai ji sai itatuwa, ku yi jam'i. In an sauka zango kada a warwatse, Annabi ya hana hakan, ya kuma hana kwana a kan hanya saboda nan dabbobi da miyagun ƙwari ke bi da dare. Kada a yi bayan gida a bakin ruwa ko a inuwar da mutane ke hutawa. Ku kashe wuta kafin ku tashi, ku kwaso ledojinku. Farauta a gandun laifi ce a doka, Musulmi kuma ba ya karya alkawarin da ya shiga da shi. Za ku ratsa ƙauyuka da rugagen Fulani: ku yi sallama, ku biya abin da kuka ci.

Iyaye, in sun cika waɗannan, ku sa musu albarka. Kada yaro ya fita da fushinku a bayansa. Samari, in da hali ku tashi ranar Alhamis da sassafe, haka Annabi ya fi so. Ku yi Asuba a nan masallaci, mu yi bankwana.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ku bakwai cif. Ya tsare dukkan matafiyanmu, direbobi da masu rakiyar kaya da ke kan hanyar Arewa. Ya jiƙan magabatanmu da suka rasu a hanya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.