Mai Babur, Namun Daji Da Hakkin Hanya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam abin hawa, Ya kuma ciyar da namun daji ba tare da sun yi noma ko sun tara a rumbu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, wa'azinmu na wannan mako ya shafi mutumin da ke bisa babur, a kan hanyar da ta ratsa daji, sa'ad da dabba ta faɗo masa kan kwalta ba sallama. Watakila wani ya ce ina ruwan filin addini da wannan magana, ai ta ma'aikatan kiyaye haɗari ce. To, amsa ita ce, a cikin wannan ɗan lokaci da bai wuce ƙiftawar ido ba, rayuka biyu ne ke cikin hatsari, wani lokaci ma uku idan akwai goyo, kuma duk inda aka ce rai, lalle Shari'a tana da magana a wurin.

Bari mu fara da ƙasar Amurka, domin su sun daɗe suna ƙididdige wannan masifa. A cikin wani rahoto da hukumar manyan hanyoyin ƙasar ta miƙa wa majalisar dokoki a shekarar 2008, an ƙiyasta cewa kowace shekara akan yi karo tsakanin abin hawa da manyan dabbobi sau miliyan 1 zuwa miliyan 2, kuma mutum wajen 200 kan rasa rayukansu. Mafi yawan dabbobin da ake bugewa irin barewar can ce. Karon ya fi yawa daga watan Oktoba zuwa Disamba, musamman Nuwamba, watau lokacin barbara, sa'ad da namiji ke bin mace a guje ba ya duban gabansa. A cikin yini kuwa, lokacin da ya fi muni shi ne ketowar alfijir da faɗuwar rana, domin a nan ne dabbar ke fita kiwo, a nan ne kuma idon mutum ya fi rauni. Mai mota yana da ƙarfe kewaye da shi, sau da yawa yakan fito lafiya ya yi kukan kuɗin gyara. Amma mai babur, jikinsa shi ne bodinsa.

Kada wani ya ɗauka wannan labarin ƙasar Turawa ne kawai. A Jamhuriyar Nijar, babbar hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Doso ta ratsa yankin Kure, inda ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke. A shekarar 1996 guda 49 kaɗai aka ƙidaya, sai da aka yi shekaru ana tsaronsu kafin su haura 600, kuma sukan ƙetare kwalta kamar yadda kakanninsu suka ƙetare wurin tun babu ita. A Nijeriya ma, hanyar Kano zuwa Jos ta bi ta cikin dajin Falgore. Ko a inda namun daji suka ƙare, ga raƙumi, ga jaki, ga akuya, kuma hukuncin ɗaya ne.

To, wa ke da alhakin kiyayewa a tsakanin mahayi da dabba? Dabba dai ba a ɗora mata Shari'a ba, ba ta san kwalta ba, ba ta karanta allon gargaɗi. Mutum shi aka bai wa hankali, saboda haka shi za a tambaya. Allah Ya sanar da mu a Suratul An'ami, aya ta 38, cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. A Suratun Namli kuma Ya ba mu labarin tururuwar da ta hango rundunar Annabi Sulaimanu, ta gargaɗi 'yan'uwanta su shige ramukansu kada a tattake su, har ta yi wa rundunar uzuri da cewa ba da saninsu za su yi ba. Annabin Allah, da dukan mulkinsa, ya saurari maganar tururuwa ya yi murmushi. Haka nan Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori matafiya da kada su yada zango a kan hanya da dare, domin a lokacin dabbobi ne ke bin ta. Ashe tun a wancan zamani an sanar da mu cewa hanya da dare ba tamu ce mu kaɗai ba.

Akwai masu cewa ai in kwana ya ƙare ba makawa, sai su murɗa totur su ce sun dogara ga Allah. Gaskiya ne ajali ba ya wuce lokacinsa, amma wannan ba shi ne tawakkali ba. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara, aka umarce shi da ya haɗa biyun, ɗauri tukuna sannan dogaro. Aya ta 195 ta Suratul Baƙara kuwa ta hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu. Wanda ya kiyaye sannan abin ya same shi, wannan ƙaddara ce, yana da ladan haƙuri. Wanda ya yi ganganci kuwa, ƙaddara ta same shi, amma tambaya na jiransa game da ransa, da ran wanda ya goya, da marayun da ya bari.

Menene ɗaurin raƙumi ga mai babur? Na farko shi ne zaɓen lokaci. Idan magariba ta riske ka a bakin daji, ka tsaya a gari na kusa ka yi salla cikin natsuwa, in da hali ma ka kwana. Haka da asuba, ka bari gari ya waye sosai kafin ka ɗauki hanya. Ka ga an yi jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, salla a kan lokacinta, da kauce wa sa'ar da namun daji suka fi zirga-zirga.

Na biyu shi ne rage gudu, kuma a nan lissafi ba ya ƙarya. Babur mai gudun kilomita 90 a awa yana cin mita 25 a kowane sakan. Kafin ido ya gani, zuciya ta gane, hannu ya kai ga birki, sakan ɗaya da rabi na iya wucewa, watau an ci fiye da mita 37 birki bai fara aiki ba. Sannan idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke bukata yakan ninka sau huɗu. Saboda haka kada ka yi gudun da ba za ka iya tsayawa a cikin iyakar hasken fitilarka ba. Ka ƙara sassautawa a kwana, da bakin rafi, da inda ciyawa ko kurmi ya matso kwalta, yatsunka kuma suna kan birki.

Na uku shi ne lura. Kada idonka ya tsaya a tsakiyar hanya kaɗai, ka riƙa duban gefe da gefe. Ka kunna doguwar fitila idan babu mai zuwa ta gabanka, domin idon dabba yakan yi ƙyalli tun daga nesa. In ka ga ɗaya ta ƙetare, kada ka ce an wuce wurin, domin barewa da birai da raƙuman dawa ƙungiya suke tafiya, sau da yawa ta bayan ce ke kada mutum. Ka sani kuma haske yakan ɗaure dabba ta tsaya cik, sannan ta zabura ta inda ba ka zata ba. In kuna tafiya cikin ayari, ku bar rata a tsakaninku, kada faɗuwar ɗaya ta zama faɗuwar kowa.

Na huɗu, idan ta riga ta faɗo gabanka, ka miƙar da babur, ka matsa birkin gaba da na baya tare, da ƙarfi amma ba da fizga ba, ka danna ham. Birkin gaba shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, kada ka ji tsoronsa. Kada ka yi wawar kaucewa, domin ba ka san ina za ta nufa ba, kuma mai kaucewa a guje yakan faɗa wa itace, ko rami, ko babbar motar da ke tafe. Na biyar shi ne hular kwano, a kanka da kan wanda ka goya, a ɗaure. A Amurka akwai masu sayen wani ɗan usur su manna wa abin hawa wai yana korar barewa, masu bincike sun gwada ba su ga amfaninsa ba. Haka yake ga wanda ya rataya laya a kan babur sannan ya ƙure gudu.

Idan kuwa Allah Ya ƙaddara karon, a fara da ceton mutum. Sannan a janye dabbar daga kan kwalta, domin kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, barin ta kuwa tarko ne ga na baya. In mai mai ita ce, a nemi mai ita, kada a gudu da hakkinsa. In ta gandun daji ce, a sanar da ma'aikatan gandun. Game da nama kuwa, aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta lissafa dabbar da bugu ya kashe a cikin haramtattu, sai fa in an riske ta an yanka. Malaman Malikiyya sun ƙara bayani cewa idan bugun ya tsinke laka, ko ya fitar da ƙwaƙwalwa, ko ya zubar da kayan ciki, ko ya huda hanji, ko ya yanke jijiyar wuya, to yanka ba ya halatta ta. Babur ba makamin farauta ba ne, wanda kuma ya bi dabba da gangan ya buge ta don nama, ya haɗa zalunci da cin mushe.

Hukuma ma tana da nata rabon. A gandun dajin Banf na ƙasar Kanada an shinge babbar hanya, aka gina wa namun daji gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, karon ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Inda ba a kai ga haka ba, allon gargaɗi da sare ciyawar bakin hanya ba su fi ƙarfin kowa ba.

Ya kai mai babur, iyalinka ba su damu da ka iso da wuri ba, su dai ka iso. Allah Ya tsare mu a tafiya da zama, Ya sa mu tausaya wa abin da ke ƙasa domin Ya tausaya mana, Ya mai da kowane matafiyi gidansa lafiya. Amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.