Gem Ɗin Hannu: Me Muke Zubarwa A Hanya In Mun Ce Mun Ci Gaba?

Ranar wata Asabar ina kwashe kayan tsohon ɗakina a gidanmu da ke Gyaɗi-Gyaɗi, saboda ƙanena zai yi aure ana son a gyara masa ɗakin, sai na ci karo da wata 'yar na'ura a ƙasan akwati, tsakanin tsofaffin kaset-kaset ɗin bidiyo da littattafan soyayya masu yagaggen bango. Game Boy ce, irin ta farkon nan mai kaurin sabulun wanki, 'yar gwanjo, wadda aka kawo mani tsaraba ina ɗan firamare. Na aiki ɗan yayata wajen mai tireda ya sayo batir 4, na zuba mata. Wallahi sai ga ta ta kama, har da 'yar ƙarar nan da take yi in an kunna ta.

Yaron, wanda shekarunsa ba su wuce 10 ba, ya karɓa ya jujjuya ta, sai ya nuna wani ɗan rami a gefenta ya ce, “Kawu, nan ne wajen cajin?” Na ce masa a'a, nan ake zura wata igiya a haɗa gem biyu, kai da abokinka ku kara da juna. Sai ya kwashe da dariya ya ce, “Kawu, wato sai kun zauna wuri ɗaya kafin ku yi wasa? Tab, lallai kun sha wahala!”

Mai karatu, maganar yaron nan ce ta tsaya mani a rai har na ɗauki biro. Shin wahala muka sha, ko wani abu muka samu wanda shi bai samu ba? Kuma idan kamfani ya fitar da sabuwar na'ura ya cire wani abu daga tsohuwa, ƙarfe da roba kawai ya cire, ko har da wani hali na mutane da ya jingina da abin?

Bari mu ɗan waiwayi tarihi. Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan, wanda aka kafa a birnin Kyoto a 1889 yana buga karta, shi ne ya fitar da Game Boy a 1989, a ƙarƙashin jagorancin injiniya Gunpei Yokoi. Ra'ayin mutumin nan shi ne, ba sai da sabuwar fasaha mai tsada ake yin abin kirki ba, a ɗauki tsohuwa mai araha wadda aka riga aka san halinta, a yi mata sabuwar dabara. Shi ya sa fuskar Game Boy ba ta da kala, ba ta da fitila, amma batir 4 kan kai mutum fiye da awa 10 yana wasa. A 1990 kamfanin Sega ya fito da kishiyarta, Game Gear, mai kala da haske, sai dai tana lanƙwame batir 6 cikin awa 3 zuwa 5. Ƙarshenta mara kalar ce ta cinye kasuwa, domin ita da ƙanwarta Game Boy Color an sayar da fiye da miliyan 118 a duniya.

Mu a nan Kano ba kowa ne ya riƙe Game Boy ba. A layinmu mu biyu ne kacal. Abin da ya cika gari a shekarun 1990 shi ne Brick Game ɗan Cana, wanda akan rubuta masa “9999 in 1” a goshi, alhali in ka bincika wasannin ba su taka kara sun karya ba, yawancinsu jera bulo ne, kwaikwayon Tetris ɗin da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Tarayyar Sobiyet a 1984. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 kuwa, sai wasan macijin nan na Nokia 3310 ya kori kowa daga fage.

To, daga nan fa aka shiga sabuntawa, kuma kusan duk sabuntawa da abin da take yarwa. Game Boy Advance ta 2001 tana karɓar kaset ɗin tsohuwar, wato wanda ya tara wasanni bai yi asara ba. A 2003 aka fito da SP mai ninkewa, mai haske da batirin caji, amma aka cire ramin sa abin sauraro na kunne. A 2004 Nintendo DS ta zo da fuska biyu, ramin igiyar nan ya tafi, kaset ɗin Game Boy na asali ma ya daina shiga. A 2008 DSi ta toshe ramin kaset ɗin Advance. Kamfanin Sony shi ma a 2009 ya fitar da PSP Go wadda ba ta cin faifai sam, sai dai a sauko da wasa ta intanet, waɗanda suka tara faifan PSP suka rasa inda za su sa shi, na'urar kuma ba ta yi kasuwa ba. 3DS ta 2011 tana da wata dabara mai suna StreetPass: in ka gitta wani mai irinta a hanya, na'urorinku za su yi musayar gaisuwa ko da suna cikin aljihu. Da Switch ta zo a 2017 ba a sake jin ɗuriyar wannan ba. A watan Maris na 2023 aka rufe shagon intanet na 3DS, wasannin da a can kaɗai ake sayar da su suka daina sayuwa. Sannan a 2025, da Switch 2 ta fito, wasu kaset ɗinta ba wasa a cikinsu, makulli ne kawai, sai ka hau intanet ka sauko da wasan tukuna.

Ka lura da inda akalar ta dosa? A da, abin da ka saya yana tafin hannunka: ka ba da aro, ka yi musaya, ka sayar, ka ajiye a akwati shekara 30 ka dawo ka tarar da shi. Batirinsa kowane mai tireda yana da shi. Yanzu kuwa batirin a manne yake a ciki, wasan kuma sau da yawa izini ne aka ba ka, wanda ke rataye da rayuwar wata kwamfuta a wata ƙasa. Wata cibiya a Amurka mai adana tarihin wasannin bidiyo ta fitar da bincike a 2023 da ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni ka ga yadda samarinmu masu gyara ke gasa bayan waya da iska mai zafi kafin su ɓamɓare ta, don kawai a canza batir, aikin da a zamanin Nokia da farce ake yin sa. Abin ya kai har Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 wadda za ta tilasta wa kamfanoni, daga 2027, su riƙa yin yawancin ƙananan na'urori yadda mai su zai iya canza batir.

Amma ba asarar kuɗi ce ta fi damuna ba. Mu koma kan igiyar nan. Tsawonta bai kai taku biyu ba, don haka dole ka je gidan abokinka, ka yi sallama, ka gaida mahaifiyarsa, ku zauna a zaure gwiwa da gwiwa. In ya cinye ka, a gabanka zai yi dariya, kai kuma dole ka koyi haɗiye fushi, don gobe ma shi za ka nema. Wasan Pokémon da Satoshi Tajiri ya fitar a 1996 da gangan aka raba shi kaset biyu, kowane da halittun da babu a ɗayan, ta yadda ba mai iya tara su duka sai ya nemi wani sun yi musaya ta igiya. Wato an gina buƙatar ɗan'uwa a cikin wasan kansa. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Igiyar nan ƙafa take sa yaro ya taka.

Masu kallon finafinanmu da masu karatun littattafanmu sun fi kowa sanin wannan labari, ko da ba su taɓa riƙe gem ba. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, har zuwa zamanin da ofisoshin 'yan fim suka cika titin Gidan Zu, nan maƙwabtanmu, a kaset ake kallon fim. Gidan da ke da bidiyo shi ne silimar layin, yara cike da tsakar gida, matan maƙwabta an shigo da mayafi. In an gama, sai a mayar da kaset farko kafin a kai wa mai haya, don kada a bar wa na baya aiki. Littafi ɗaya kuwa sai ya zaga gida 10, na ɗaya yana wajen Anti, na biyu yana wajen ƙawarta, ana aiken yara karɓowa. Daga kaset aka koma sidi, daga sidi aka koma turi a memori, yanzu ga YouTube. Littafi ya koma WhatsApp da Wattpad. Kowa da fuskar wayarsa, kowa ya toshe kunnensa.

A nan ne maganar ta zama ta ɗabi'a. Aron kaset ko littafi kyauta ce ta gaske, saboda in ka bayar, ya bar hannunka. Ka haƙura da shi kwana biyu, ka yarda da amanar wanda ya karɓa, shi kuma ya ɗauki nauyin dawo da shi lafiya. Mutum biyu sun yi atisayen alheri da amana a kan abin da bai kai ya kawo ba. Amma in ka tura wa mutum 50 littafin da marubuciya ta ce na kuɗi ne, kai ba abin da ya ragu a wajenka, ita ce ta yi asarar gumin da ta yi. Sunan abin bai canza ba, har yanzu cewa muke “ba ni in karanta”, amma cikinsa ya juye: da, da kayanka kake alheri, yanzu da haƙƙin wani kake yi. Kamfanonin gem su ma suna fakewa da irin wannan satar fasaha su ƙara ɗaure kayansu, sai mai gaskiya ya rasa 'yancin ba da aro saboda laifin ɓarawo.

Na san wani zai ce, “Malam, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.” Gaskiyarsa, kuma ba zan yi wa jiya kwalliyar ƙarya ba. Fuskar Game Boy ba a ganin ta da daddare, in an ɗauke wuta sai a raɓa da fitilar ƙwai. Kuɗin tara da yawa sun ƙare a batir. Yaron da ke da gem kan zama ɗan ƙaramin sarki a layi, sai ka yi masa aike ko ka ba shi alewa kafin ya ba ka “ɗaya-ɗaya”, kuma ni kaina na yi wannan mulkin, Allah ya yafe mani. Kaset yana cin zare, mai haya yana cin tara. Yau ɗan yayata yana wasa da ɗan'uwansa da ke Maraɗi ba tare da ya biya kuɗin mota ba, kuma ita Switch ɗin da na ambata, hannayenta biyu cirewa suke yi don mutum biyu su yi wasa a kan na'ura ɗaya. Saboda haka ba duk sabo ne ci gaban mai haƙar rijiya ba.

Akwai ma tambayar da ta fi wannan nauyi. Idan rashi ne ya tilasta mana zama tare, shin zumunci muka yi ko dole ce? Yaran da suka cika tsakar gidan mai bidiyo, don Allah suka zo ko don fim? Amsata ita ce, don fim suka zo, amma da suka zo sun koyi sallama, sun koyi matsa wa na kusa, sun san sunan kowa a layin. Yawancin halayen kirki haka ake koyon su, dole ce ke fara kawo mutum, sabo ya zaunar da shi, daga baya ya zama halinsa. Yaro ba da son ransa yake fara gaida manya ba. Abin da sabuwar na'ura ta cire shi ne dolen. Ba ta hana kowa zuwa gidan abokinsa ba, ta dai cire dalilin da ke tura shi. Aikin da igiya da kaset suke yi mana a ɓoye, ba tare da mun gode masu ba, yanzu ya dawo wuyanmu, mu iyaye da yayye.

Don haka ni ban ce a koma Brick Game ba, zamani riga ne. Abin da na ce shi ne, duk lokacin da aka miƙo mana sabon abu ana lissafa abin da aka ƙara, mu ma mu tambayi abin da aka rage. Me aka cire? Wa cirewar ta amfana, ni ko mai sayarwa? Wane hali ne ya jingina da abin da aka cire, kuma da me zan tokare shi kada ya faɗi? In wayar ta raba 'ya'yanka ɗaki-ɗaki, ka ware dare ɗaya a mako a kalli fim ɗaya a talabijin ɗaya. In littafin na kuɗi ne, ki biya wa ƙawarki nata, wannan shi ne aron zamanin nan. Masu shirya fim kuma su adana tsofaffin ayyukansu tun kaset ɗin bai gama ruɓewa ba, don da yawa daga finafinan da muka yi kuka a kansu yau sai an sha wuya kafin a samu mai kyau.

Game Boy ɗin dai na bar wa yaron. Igiyar ce ban gani ba, na zazzage akwatin kaf. Ina jin tana wajen abokin nawa na yarinta, wanda yanzu yake zaune a Hotoro, kullum muna gaisawa a waya amma rabon da in taka gidansa an fi shekara 3. Na ce wa yaron ya shirya, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai raka ni mu je mu tambayo.

Allah ya sa mu dace, amin.