Da Wane Mudu Ake Auna Rayuwa?

A ranar da muka kammala kwalejin horon malamai a shekarar 1979, babu ɗayanmu da ke shakkar abin da ake kira nasara. Shekara uku ke nan da ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, makarantu na tsirowa a ƙauyuka, aiki ne ke jiran mutum, ba mutum ke jiran aiki ba. Makaranta kuwa ta sallame mu da mudu guda: wane ne na ɗaya, wane ne na ƙarshe. Da shi muka ci gaba da awon juna, sai dai sakamakon jarrabawa ya rikiɗe ya zama matakin albashi, da girman ofis, da motar da ke ƙofar gida.

Bayan shekara arba'in muka sake haɗuwa. Kafin a kawo abinci aka karanto sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, aka yi musu addu'a. Sauranmu kuwa, wannan na dogara sanda, wancan na tambaya ko an sa sukari a kunun. Ni kaina ɗana ne ya riƙo ni, domin shanyewar ɓarin jiki ta same ni shekara biyu bayan na yi ritaya. Hira ta fara da muƙamai, ba ta jima ba ta gangara kan hawan jini da tsadar magani. A nan tambayar ta taso mini: idan mudun da aka ba mu ya fashe, da me za mu auna abin da muka tara?

Na ajiye alli ne bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, albashin malami ya daina kai wata. Na koma ma'aikata, na yi ta hawa mataki. Ina fita yara na barci, in dawo sun yi barci, ina gaya wa kaina cewa dominsu nake yi. Ba ƙarya ba ce ɗungurungum: sun yi karatu, mun mallaki muhalli. Amma sai da hannun da ke sa hannu a takardu ya kasa riƙe cokali na ga abin da ban taɓa gani ba. Uwargidana ce ke juya ni, ta wanke ni, ta kai ni gashi. A wata hirar dare na ji cewa ta taɓa sayar da 'yan kunnenta na aure ta yi jinyar 'yarmu, ina can wani gari wajen kwas, ta ɓoye mini don kada hankalina ya rabu. Ashe matakan da nake taƙama na hau, a kan kafaɗun wasu na taka.

Abu ne mai sauƙi mara lafiya ya yanke hukunci cewa neman duniya banza ne. Ban yarda ba. A cikinmu akwai wanda ya tsaya a aji har ya yi ritaya, ɗalibansa sun cika gari, amma ya gaya mini yana raba ƙwayar magani biyu don ta kai shi ƙarshen wata, kuɗin fansho kuwa sai jira. Wanda ya yi wa talaucinsa ado da kalmomi ya zalunce shi sau biyu. Haka kuma ban yarda cewa kulawar iyali lada ce da kowa ke girba gwargwadon shukarsa ba. A ɗakin jinya na ga dattijon da kowa ke yabon halinsa, babu mai leƙo shi, na kuma ga mai zafin rai da 'ya'ya suka kewaye. Alheri ba adashi ba ne, balle mutum ya ce lallai ranar kwasarsa za ta zo.

Abin da ciwo ya koya mini bai kai waɗannan hukunce-hukunce girma ba, amma ya fi su nauyi. Babu wanda ya gina rayuwarsa da jarinsa kaɗai. Kowace nasara bashi ce da aka ci daga lokacin wani, da haƙurin wani, da barcin wani. Cin bashin ba laifi ba ne, domin haka zaman tare yake. Laifin shi ne mutum ya ɗauka nasa ne, har mai bin sa ya mutu bai ji ko na gode ba.

Da bakina ya sake, kalmomin farko da na haɗa sosai na neman gafararta ne. Ta yi murmushi ta ce, "Malam, ai sai yanzu ka dawo gida."

Idan Allah ya sa muka sake haɗuwa, ba zan tambayi kowa matakin da ya kai ba. Zan tambaye shi: wa ke bin ka bashi, kuma ya san ka sani?