Wuƙaƙe Biyu da Hular 'Yanci

A shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa, rundunar Burutus ta taso daga Asiya Ƙarama ta nufi Makidoniya. Soja ba ya yaƙi da alkawari sai ya ga azurfa a tafinsa, shi ya sa ake tafiya da maƙera suna buga dinariyus, kuɗin azurfar Rum. A cikinsu akwai wani tsoho mai sassaƙa hatimin buga kuɗi, da yaronsa.

Wata rana aka kawo musu zanen sabon kuɗi. A bayansa wuƙaƙe biyu ne, tsakaninsu hular da ake sa wa bawa ran da aka 'yanta shi, a ƙasa kuma an rubuta ranar tsakiyar Maris, ranar da Burutus da Kasiyus da 'yan uwansu suka daddaɓa wa Yuliyus Kaisar wuƙa a zaman majalisa. Yaron ya cika da murna, ya ce, "Maigida, yau za mu buga kuɗin 'yanci!"

Tsohon ya ce, "Juya ka ga gabansa."

Fuskar Burutus ce, da ɗan gemunsa, da sunansa.

Jikin yaron ya yi sanyi. Rumawa sun saba ganin allolinsu da magabatansu a kan kuɗi, amma fuskar mai rai aikin sarakunan Girkawa ne, Rum kuwa ta ƙi jinin sarauta. Kaisar ne ya karya wannan al'ada a birnin a farkon shekara ta 44, har aka rubuta masa muƙamin mai mulki na har abada. Bai ga ƙarshen Maris ɗin shekarar ba.

"Maigida, ashe ba don irin wannan aka kashe wancan ba?"

"Ɗana, hannun nan ne ya sassaƙa fuskar Kaisar. Da aka kawo mini ta Burutus, ko guduma ban sauya ba."

Ni dai ina ganin Burutus ya gaskata har zuciyarsa cewa 'yanci yake karewa, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali: yana nuna wa duniya wuƙarsa, bai tsaya ya dubi ɗaya gefen kuɗin ba.

A watan Oktoba na shekara ta 42, Antoniyus da Oktabiyan, magoya bayan Kaisar, suka murƙushe rundunar Burutus a Filibi, Burutus ya kashe kansa. Oktabiyan ya zama sarki Ogustus a shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa, daga nan kuwa duk sarkin da ya hau gadon Rum sai ya buga fuskarsa a kan kuɗi.