KUƊIN ASIBITI DA INSHORAR LAFIYA A MA'AUNIN SHARI'A

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jarraba bayinSa da lafiya da rashinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan kuɗin asibiti ta ke. Duk wanda ya ke zaune a Samaru ko Sabon Gari ya san hanyar Shika, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma daga Tudun Wada a 2005, ya kuma san cewa ciwo biyu a ke ɗauka zuwa can, na jiki da na aljihu. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da a ke kashewa wajen neman lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane ya ke fitowa kai tsaye. Ashe ke nan lalle ne Musulmi ya san hukuncin wannan al'amari tun kafin ranar ta zo masa.

LADAN MAI MAGANI HALAL NE

Akwai masu ganin cewa karɓar kuɗi a hannun maras lafiya rashin tausayi ne, har su riƙa biya suna tsinuwa. Wannan kuskure ne. Ya inganta a cikin Buhari da Muslim cewa Abu Ɗaiba ya yi wa Manzon Allah (S.A.W.) ƙaho, Manzo kuwa ya sa aka biya shi ladansa da abinci. Abdullahi ɗan Abbas ya kafa hujja da irin wannan a kan halaccin ladan, domin Annabi ba zai ba da haram ba. A Risala, wadda mu ke karantawa a zaurukanmu, Ibn Abi Zaid ya halatta a yi sharaɗi da mai magani a kan sai an warke za a biya shi. To, likita da nas da mai awon jini ma'aikata ne, guminsu halal ne, kuma kayan aikinsu saye a ke yi.

Amma fa shari'ar da ta halatta lada ita ce ta ce lalle ladan ya zama sananne. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a cikin ijara a san aikin, a san abin da za a biya, domin jahilci a ciniki shi ne garari, Annabi kuwa ya hana cinikin garari. Saboda haka tambaya haƙƙinka ce, ba rashin kunya ba ce, matambayi ba ya ɓata. Kuɗin asibiti ba dunƙule ya ke ba. Akwai na kati, da na awo, da na hoto, da na gado, da na magani, da na tiyata, akwai kuma kuɗin ajiya da a kan nema kafin a kwantar da mutum, wanda a ke cirewa daga cikinsa a hankali. Ka tambayi kowanne daban. Ka biya a wurin da hukumar asibiti ta keɓe don biya, ka karɓi rasit, ka adana, ranar sallama kuma ka nemi lissafi ko akwai ragowa a kuɗin ajiyarka. Kada ka miƙa wa kowa kuɗi a lungu don ya gaggauta maka aiki, wannan ƙofar rashawa ce, mai bayarwa da mai karɓa duka suna cikin zunubi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Addinin da ya kula da rubutu haka ba zai yarda mabiyinsa ya yi wasa da rasit ba.

BASHIN ASIBITI BASHI NE

Wasu sun ɗauka abin da a ke bin su a asibitin gwamnati ba shi da mai shi, sai su sulale da maras lafiyarsu da dare ba tare da sallama ba. Ya ɗan'uwa, kuɗin nan da shi za a sayo maganin wanda zai hau gadon bayanka. Ka tuna an kawo wa Annabi (S.A.W.) gawar wani mutum da a ke bi bashi, bai yi masa salla ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. In haka ta faru ga wanda ya rayu tare da Manzo, ina ga ni da kai?

Wanda ba shi da hali, hanya a buɗe ta ke. Manyan asibitoci suna da sashen kula da jin daɗin marasa galihu, sai ya je ya faɗi gaskiyar halinsa, ya nemi sassauci ko a yanka masa biya kaɗan-kaɗan. Masu asibiti su ma su ji tsoron Allah, domin aya ta 280 a wannan sura ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ya ke cikin ƙunci, ta kuma nuna yafewa ta fi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta hana a ƙi duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa, kome dalili.

Har ila yau akwai magidanta da su kan bar jinyar matansu a wuyan iyayensu, suna cewa littafi bai ɗora musu ba. Gaskiya ne a Muhtasar na Shehu Halilu an ɗora wa miji ladan ungozoma, ba a ɗora masa kuɗin magani ba. Sai dai malaman wannan zamani, irin su Shehu Wahbatuz Zuhaili, sun bayyana cewa wancan hukunci an gina shi ne bisa al'adar lokacin, yau kuwa magani ya zama larura kamar ci da sha. Kuma ina kyakkyawan zama ga wanda ya mori mace tana lafiya, ta kwanta ya juya mata baya?

MAGANAR INSHORA

Jama'armu da yawa suna jin an ce inshora sai su kau da kai, su ce caca ce. Maganar tana bukatar rarrabewa. Inshorar kasuwanci, wadda kamfani ya ke sayar da alkawari don neman riba, mafi yawan malamai sun hana ta saboda garari da riba, ko da ya ke Shehu Musɗafa Zarƙa na Siriya ya saɓa musu. Amma inshorar taimakon juna, inda jama'a su ke tara gudummawa don agaza wa wanda masifa ta auka wa a cikinsu, Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta halatta ta a 1977, haka kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 1985. A kan wannan tushe aka kafa kamfanin takaful na farko a Sudan a 1979, hukumar inshora ta Nijeriya kuma ta fitar da ƙa'idodin takaful a 2013.

Hujjar a fili ta ke. Annabi (S.A.W.) ya yabi Ash'ariyawa, mutanen Abu Musa, domin idan guzurinsu ya yi ƙaranci su kan tara abin da ya rage wuri ɗaya su raba daidai, alhali wani ya kawo da yawa wani kaɗan. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda Alƙarafi ya bayyana, garari yana ɓata ciniki ne, ba ya ɓata kyauta. Wanda ya zuba gudummawa shekara ta zagayo bai kwanta ba, bai yi hasara ba, ya sami lafiya, ya sami ladan wanda aka yi wa magani da kuɗinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shirin gwamnati ya fi kusa da wannan kashi na biyu. An kafa dokar NHIS a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, sa'an nan a 2022 aka maye gurbinta da dokar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu don marasa galihu. Jihar Kaduna ita ma ta kafa hukumarta, watau KADCHMA, a 2018, don ma'aikatan jiha da masu sana'ar kansu. Ma'aikacin tarayya, kamar na jami'a a Samaru, shirin ya kan ɗauke shi da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Wannan ya sa mai mata biyu ko uku lalle ne ya tambayi yadda a ke ƙara sauran iyali da abin da za a biya, domin adalci tsakanin mata bai tsaya ga kwana da tufafi ba. A wannan shiri mutum ya kan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, watau maganin naira 8,000 zai ba da 800. Ba kowace cuta ko kowane magani shirin ya ƙunsa ba, kuma zuwa babban asibiti sai da takardar turawa daga asibitin da mutum ya zaɓa tun farko, da amincewar masu kula da shirin. Ka san waɗannan tun kana da lafiya, ka tambaya ko akwai wa'adin jira bayan rajista, don kada ka je da kati a hannu ka komo da ɓacin rai.

KATI AMANA NE

Tun da ya ke asusun na jama'a ne, ha'inci a cikinsa cin dukiyar jama'a ne. Wanda ya ara wa maƙwabci katinsa, ko ya rubuta ɗan wani a matsayin nasa, ko ya yi ciwon ƙarya ya karɓi magani ya kai kemis ya sayar, ya ci amana, ko da ya kira abin taimako. Haka ma'aikacin da ya rubuta aikin da ba a yi ba, ko ya ce magani ya ƙare alhali yana nan, ko ya wulaƙanta mai kati ya fifita mai tsabar kuɗi. Musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka, kuma Annabi ya barranta daga mai algus.

KIRA GA MASU HALI

Ya ku attajiran Sabon Gari, da malaman jami'a, da limamai, aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa masu cin zakka takwas, a cikinsu akwai fakirai da miskinai da waɗanda bashi ya danne. Wanda ya sayar da gonarsa ko keken ɗinkin matarsa don biyan tiyata, bashi bai ƙare ba, yana cikin waɗannan. Magabata sun riga mu. Sarki Ƙalawun ya gina asibitin Mansuri a Alƙahira a 1284, ya yi masa wakafi, a na duba mai kuɗi da talaka kyauta. In ba mu iya gina irinsa ba, ai kowane masallacin Juma'a zai iya kafa asusun marasa lafiya da amintattun mutane da littafin lissafi, ko ya biya wa marayu da gwagware kuɗin rajistar shekara daga sadakar jama'a. Yin haka ya fi zagayawa da takardar asibiti sahu-sahu bayan salla, wanda ya ke zubar da mutuncin mabukaci, ya kuma buɗe wa 'yan damfara ƙofa.

Tanadi don ranar ciwo ba ya kore tawakkali, domin wanda ya umarce mu da dogara ga Allah shi ne ya umarce mu da neman magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, Ya sa mu cika da imani, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.